Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Na Japan Kan Tsofaffin Nagasaki

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan wasu tsofaffi a Nagasaki da har yau ma'aikatarku ta hana su littafin lafiyar da ake bai wa waɗanda suka tsira daga bam ɗin nukiliya na ranar 9 ga Agusta, 1945.

Abin da ya raba su da littafin shi ne wurin da ƙarfe 11:02 na safiyar ranar ta riske su. Da aka tashi shata yankin da bam ya shafa, iyakokin mulki na birnin aka bi, sai taswirar ta miƙe kimanin kilomita 12 kudu da arewa, ta tsuke gabas da yamma. Yarinyar da toka ta zubo wa a ka tana gona a ƙauyen gabas, ta kwashi ganyen da ya yi fari da ƙura ta kai gida aka dafa, ta sha ruwan rijiyar da tarkace ke yawo a kansa, yau ta haura shekara 80 ana ce mata ba ta cikin lissafi. Wadda ta fi ta nisa a kudu kuwa tana da littafinta. Ranku ya daɗe, iska ta san iyakar gunduma ne?

A 2021 Babbar Kotun Hiroshima ta bai wa mutum 84 da baƙin ruwan saman da ya sauka bayan bam ɗin Hiroshima ya jiƙa gaskiya, gwamnatin Firayim Ministan lokacin, Suga, ba ta ɗaukaka ƙara ba, aka sassauta sharuɗɗa ga mutanen can. Nagasaki aka bar ta a baya. A Satumbar 2024 kotun Nagasaki ta amince da mutum 15 cikin masu ƙara 44, gwamnati ta ɗaukaka ƙara, sannan ta faɗaɗa musu tallafin kuɗin asibiti. Madalla da tallafin, amma su so suke hukuma ta yarda cewa abin da suke faɗa tun suna yara ya faru da gaske.

A 2025 masu riƙe da littafin sun gaza 100,000, matsakaicin shekarunsu ya wuce 86. Duk zaman kotun da aka ɗage, ana iya rasa wani mai ƙara kafin na gaba. Ku daina jan su gaban alƙali, ku auna su da ma'aunin da kuka auna mutanen Hiroshima, ku ba su littafin.

Na gode, a huta lafiya.