Godiya ga Sashen Sa Barci da Kashe Zafi na Asibitin Ƙashi na Garinmu

Assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan sashen gashin ƙashi ne, waɗanda ake miƙa wa majiyyaci bayan an yi masa canjin gwiwa. Muna gode muku a bainar jama'a saboda tsarin da kuka kafa na ba majiyyaci maganin zafi tun kafin wuƙa ta taɓa shi.

Idan aka yanka fata, aka datse ƙashi, jijiyoyi kan yi ta aika saƙon zafi zuwa laka. Saƙon nan in ya yi yawa sai laka ta harzuƙa, har ɗan taɓi ya riƙa zame wa mutum azaba. Masanin jijiyoyi Clifford Woolf ya nuna haka a bincikensa na 1983. Tare zafi tun bai kankama ba, ya fi sauƙi a kan kwantar da shi bayan ya yi ƙarfi, kuma a kan wannan kuka gina aikinku.

Awa 1 zuwa 2 kafin shiga ɗakin tiyata kuna ba da farasitamol giram 1 da celecoxib miligiram 200 zuwa 400, da kurɓin ruwa kaɗan, ba tare da an karya ƙa'idar barin abinci na awa 6 ba. Zaɓen celecoxib ya yi daidai, domin ba ya hana jini daskarewa a wurin yanka kamar yadda ibuprofen ke iya yi. A ɗakin tiyata sai allurar baya mai kashe ji, da dexamethasone ta jijiyar jini wadda ke rage kumburi da amai, sannan likitan tiyata ya zuba maganin kashe zafi a naman da ke kewaye da gwiwar kafin ya ɗinke.

Abin da ya fi taɓa aikinmu shi ne allurar cinya. Idan aka kashe babbar jijiyar makwancin cinya, zafi zai tafi amma tsokar gaban cinya za ta mutu na ɗan lokaci, mutum ya miƙe gwiwa ta lanƙwashe ya faɗi a kan sabon ɗinki. Ku kuna sauka zuwa tsakiyar cinya ta ciki, kuna kallo da na'urar hoto, ku sa maganin a kan jijiyar da galibin aikinta ɗaukar ji ne, ƙarfin ƙafa ya tsira. Shi ya sa majiyyaci ke iya tsayawa da sandar tafiya a ranar farko. Tashi da wuri yana rage haɗarin gudan jini a ƙafa, kuma gwiwar da aka soma lanƙwasawa da wuri ita ke kai digiri 90 ba tare da ta sandare ba.

Mun kuma yaba da tambayoyin da kuke yi kafin ku rubuta ko ƙwaya ɗaya. Mai ciwon ƙoda, ko gyambon ciki, ko ciwon zuciya, kuna cire masa celecoxib. Mai ciwon suga kuna ƙara yawan gwajinsa, tunda dexamethasone na ɗaga suga. Farasitamol ba ya wuce giram 4 a awa 24, kuma kuna ragewa ga mai ciwon hanta ko wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba. Tsofaffi ba ku cika ba su pregabalin ba, don yana sa jiri da magagi. Haka nan kuna tambayar abin da mutum ke saya a kemis, cikin sirri da mutunci. Wanda ya daɗe yana shan tramadol jikinsa ya saba, adadin da ke isar wani ba zai ishe shi ba, kuma in ya ɓoye shi zai sha wuya.

Ƙwayar farko ita kaɗai ba ta wadatarwa. Allurar cinya takan sake shi cikin dare ko washegari, zafi ya dawo gaba ɗaya. Malaman jinya da kuka horar suna ba da magani bisa agogo, ba sa jira sai majiyyaci ya yi kuka, kuma suna daidaita shi da lokacin atisaye, kamar rabin awa zuwa awa 1 kafin mu iso.

Roƙonmu guda ne: ku buga wannan jadawalin da Hausa a takarda, a ba kowane majiyyaci ranar sallama, don masu jinya a gida su daina haɗa masa diclofenac da ibuprofen a kan abin da kuka rubuta.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Ma'aikatan Sashen Gashin Ƙashi