Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiya

'Yan uwa masu rubuta manhaja, assalamu alaikum.

Abin da ya fi cin lokacin ƙungiya a bana shi ne horaswar ranakun Asabar kan yadda manhajar intanet take tashi, ta karɓi baƙo, ta sallame shi. Mun zaɓi ASP.NET, tsarin Microsoft na gina manhajojin intanet, saboda da shi aka gina tsofaffin manhajojin da yawancinmu suka gada a wuraren aiki.

A fayil ɗin Global.asax, inda ake rubuta abin da manhaja za ta yi a irin waɗannan lokuta, Application_Start da Session_Start ba su wahalar da kowa ba: na farko sau ɗaya yake gudana duk tashin manhaja, na biyu kuma duk lokacin da sabon zama ya buɗe, wato ziyarar baƙo da manhaja ke riƙe bayananta. Session_End, mai gudana idan zama ya ƙare, shi ne ya ja muhawara. Da yawa sun ɗauka rufe burauza ke tayar da shi, alhali saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ba ta da labarin an rufe komai. Sai an yi minti 20 ba motsi, in ba a sauya saitin ba, ko kuma an kira Session.Abandon, umarnin rufe zama. Wannan ma sai idan zaman yana cikin ƙwaƙwalwar manhajar, wato InProc. Da zarar an mayar da zaman wata ma'ajiya a wajen manhajar, SQL Server ko StateServer, Session_End ba zai tashi ba ko kaɗan. Ga kuma IIS, mai gudanar da manhajar a kan saba, da ke sabunta ta duk minti 1740 in ba a sauya saitin ba, ya tafi da duk zaman da ke ƙwaƙwalwa.

Mun gwada a fili. Wani memba ya cike fom rabi, muka zare wayar intanet, ya dawo bayan rabin awa ya tarar da shafin shiga, komai ya goge. Haka ɗalibi ke ji a kafe idan netwok ya ɗauke, ga kuɗinsa sun riga sun tafi. Shi ya sa kwamiti ya tsaya kai da fata: duk abin da ya shafi kuɗi ko rajista a rubuta shi a rumbun bayanai nan take, kada a jira ƙarshen zama. A kan wannan ƙa'ida aka gyara manhajar rajistar ƙungiya.

Masu aiki da harsunan Java da PHP sun kawo nasu wa'adin ƙarewar zama: Tomcat, sabar Java, minti 30, PHP daƙiƙa 1440.

Kuɗin wata-wata sun ja baya, muna roƙon masu bashi su ga ma'aji. Baɗi, in Allah Ya kai mu, za mu koma ASP.NET Core, sabon tsarin ASP.NET, inda babu Global.asax balle Session_End. Mai son koyarwa ya ba da sunansa kafin taro na gaba.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa