Amsa Ga Manomin Da Ya Tambaya Kan Ajiye Irin Waken SAMPEA 20-T

Assalamu alaikum Malam.

A gaban jama'a ka tambaye mu a Samaru: da gaske ne waken da aka sauya wa ƙwayar halitta ba ya tsirowa in an ajiye irinsa, kuma ba ya buƙatar feshi? Duka biyun ba haka ba ne.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ce ta fitar da SAMPEA 20-T a 2019, bayan NBMA, hukumar Najeriya mai sa ido kan abubuwan da aka sauya wa ƙwayar halitta, ta amince. Babban abin da aka ƙara masa shi ne ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, Bt, wadda ke kashe maruka, tsutsar da ke huda kwasfar wake, in ta ci fure ko kwasfa. Wake kuwa a cikin furensa yake barbarar kansa, shi ya sa abin da ka girbe ka adana zai tsiro baɗi da wannan kariyar. Matsalar tana zuwa ne daga cakuɗa. In ka sussuke shi a tabarma ɗaya da wani waken, ko ka cike gurbi da na kasuwa, za ka ga wata kwasfar da huda da kashin tsutsa a bakinta, ka ɗauka irin ne ya gaza.

Masarar TELA ta 2024, SAMMAZ 72T zuwa 75T, ita ma an sauya mata ƙwayar halitta, amma lamarinta daban ne. Mai aure ce, wato haɗa irin masara daban-daban aka yi aka samo ta. In ka ajiye irinta za ta tsiro, amma tsayi da goyo ba za su zo daidai ba, amfanin ya ragu. Ita kam sabon iri duk damina.

Batun feshi ne ya fi damun mu, don nan ake tafka asara. Bt ba ruwansa da darɓa, ko ƙananan ƙwarin da ke kakkaɓe fure, ko masu tsotse kwasfa har ta motse. Maimakon feshi 6 zuwa 8, yi 2: ɗaya in fure ya fara fitowa, ɗaya in kwasfa ta fara cika, da sanyin safiya ko da yamma. Wanda ya jingine famfonsa gaba ɗaya zai ga fure zube a gindin shuka.

Ƙwaron da ke huda wake a ajiya ma bai san da Bt ba. Busar da irin har ƙwayar ta ce ƙaras a haƙori, zuba a buhun PICS (mai ledoji biyu a ciki da ke hana iska shiga), matse iskar, ɗaure kowace leda daban, ka rubuta sunan irin a jikin buhun.

Allah ya ba da damina mai albarka.