Kifayen Nan Sun Tayar Mini da Hankali

Assalamu alaikum, abokina.

Ya gida, ya aiki, ya su yaran? Shirunka ya yi yawa, ko ka zama babban mutum ne yanzu? Bari in faɗa maka halin da nake ciki.

Kifayen tankina suna mutuwa. Har da babban kifin guppy mai jar wutsiya da ka bar mini. Da asuba na same shi a manne da bakin filta, wato matatar ruwan tankin, wallahi sai da na zauna. Ƙanin maman yara ne ya kawo mana sababbin ƙananan kifaye da ake kira neon tetra kyauta, aka zuba su ciki. Ba a jima ba na ga sauran suna goga jiki da duwatsu, fukafukai a naɗe, sannan fararen ɗigo-ɗigo suka fito musu kamar an barbaɗa gishiri. Ita ce cutar da ake kira ich.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda take yaɗuwa. Muddin ƙwayar tana cikin fatar kifi, magani ba ya taɓa ta. Sai ta ƙoshi ta faɗo cikin tsakuwa, ta lulluɓe kanta, ta hayayyafa ɗaruruwa, 'ya'yan su fito suna yawo a ruwa suna neman wani kifin. A wannan ɗan lokacin kaɗai magani ke kashe su. Shi ya sa wanda ya daina zuba magani ranar da ɗigon ya ɓace zai sake ganinsu. Na cire gawayin da ke cikin filta domin yana tsotse maganin, na ɗaga hita a hankali zuwa digiri 28 don ƙwayar ta yi saurin faɗowa, na kuma ƙara famfon iska, saboda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai.

Af, mutuminka ya sayi babur! Kai da ka rantse ko keke ba zai iya tuƙawa ba, sai ka zo ka gani. Har yanzu da ƙafa biyu yake tsayar da shi.

Na koma kan kifin. Na gwada ruwan, amoniya ta ɗan hau, naitrait ma haka, wato gubobin da ke fitowa daga dattin kifi. Ruwan kuwa garau yake a ido. Naitrait kan hana jininsu ɗaukar oksijin, shi ya sa suke hawa sama suna buɗe baki. Kullum ina canza kusan kashi 30 cikin ɗari, da ruwan da na cire wa kulorin, na kuma rage musu abinci. Soson filta kuwa a ruwan tankin nake ɗauraye shi, don ruwan famfo na kashe bakteriyar da ke narkar da dattin, kuma kafin su dawo sai mako 4 zuwa 6.

Ƙaramar 'yarka ta hana kowa barci, sai ƙirga waɗanda suka rage take yi. Na sayi ƙaramin tanki, duk sabon kifi zai yi wata guda a ciki kafin ya haɗu da sauran, ko wa ya kawo shi.

Ka turo mini hoton jaririn, maman yara na ta tambaya. Ka gaida Hajiya da kyau.

Naka har kullum.