Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi.

Taron wata-wata bai tsaya ba, ko da yake fuskokin da aka saba gani su ne dai ke zuwa.

Abin da muka fi alfahari da shi bana shi ne ranar rajistar masu zaɓe da muka shirya gabanin zaɓen Nuwamba. Tun 1 ga Yunin 2023 dokar da Gwamna Tim Walz ya sanya wa hannu ta fara aiki a nan jihar Minnesota ta Amurka: duk ɗan ƙasa da ya fito daga gidan yari zai iya jefa ƙuri'a, ko da hukuma na ci gaba da sa masa ido. Kusan mutum 55,000 abin ya shafa, amma da yawansu har yanzu tsoro suke ji kar su yi rajista a sake kama su. Wani dattijo ya zo mana da takardar sallamarsa a ninke cikin leda, ya ce sai mun duba kafin ya taɓa biro. Da muka shaida masa Kotun Ƙolin jiha ta yi watsi da ƙarar masu ƙalubalantar dokar a watan Agusta, ya cike fom ɗinsa, washegari ya dawo da ƙaninsa. Waɗanda ke da katin izinin zama a Amurka kawai mun ba su haƙuri, domin zaɓe na 'yan ƙasa ne, kuskure a nan zai iya jawo wa mutum kora daga ƙasar. Allah ya saka wa matan da suka tsaya kan teburi tun safe har magariba.

Masu tambayar ina takardar wayar da kai ta Hausa, fassararta ta kammalu tun tsakiyar shekara. Kuɗin bugawa ne babu. Waɗanda suka biya kuɗin shekara ba su kai rabi ba, ma'aji kuma ya gaji da bugun wayar da ba a ɗauka. Ziyarar gidajen da ake saukar da sababbin sallamammu ita ma ta tsaya, saboda mai mota ɗaya ba zai ɗauki nauyin ƙungiya gaba ɗaya ba. A WhatsApp kowa na da shawara, ranar aiki kuwa sai uzuri.

Duk wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin taron Janairu. Muna kuma neman masu mota biyu don ziyarar.