A kawo mana tsohon jirgin yaƙi Kano yara su gani da idonsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan sam min fili in yi kira ga rundunar sojan sama da gwamnatin jihar Kano akan tsofaffin jiragen yaƙin da aka daina aiki da su.

Ni a Kurna nake, ba nisa da filin jirgi, duk sanda jiragen koyon tuƙin nan L-39 na makarantar sojan sama suka taso zaka ga yaran layinmu sun watsar da ƙwallo suna ɗagawa sama hannu suna ihu. Rannan yarona ɗan aji huɗu ya riƙo min riga yace Baba wai direban a ina yake zama, ta ina yake shiga, akwai sitiyari a ciki? Wallahi sai waya na ciro na nemo masa hoto, kuma abun ya tsaya min a rai, jirgi yana wucewa ta kan rufinmu kullum amma yaro bai taɓa tsayawa kusa da ko tayarsa ba.

Alhali Kano ce fa garin jirgi a ƙasar nan. Jirgin da ya fara sauka a Najeriya a Kano ya sauka, ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka dira a filin wasan dawaki, shekara ɗari kenan. Filin jirgin Malam Aminu Kano shi ne mafi tsufa a ƙasar. A 1967 da yaƙin basasa ya ɓarke, jiragen MiG-17 na Rasha ta Kano aka shigo da su. Amma yau in kana son ka ga irinsu sai ka wanke ƙafa ka tafi gidan tarihin yaƙi na Umuahia a jihar Abia, su sun adana nasu har da ƙananan jiragen Biyafara, kuma ban ga laifinsu ba, mu ne dai muka yi sake.

Tun 1964 aka kafa rundunar sojan saman nan, ta yi jiragen MiG-21, ta yi jiragen Jaguar guda 18 da aka siyo a shekarun 1980 basu wani daɗe suna tashi ba aka jingine su a Makurɗi. Jirgin da aka bari rana da ruwa suna dukansa ai kowa ya san ƙarshensa, tsatsa ko hannun 'yan gwangwan a yanka a auna a kilo, kuɗin talakawa ne aka siye shi da su, ko ba komai a bar 'ya'yan talakawan su taɓa.

Aikin ma ba wani gagarumi bane. A cire makamai da abun fashewar kujerar matuƙi, a tsiyaye mai, a kwance fukafukan a ɗora a tirela, in an iso a mayar. Gidan tarihinmu na Gidan Makama ba zai ɗauka ba saboda ƙofofinsa da ginin ƙasa, fili ake so, ni da za'a bi tawa a nemi waje kusa da inda jiragen 1925 suka sauka, ayi rumfa saboda zafin rana da ƙurar hunturu, a sa tsani yaro ya hau ya leƙa ciki, bayani kuma a rubuta da Hausa, boko da ajami, kar a cika mana allo da Turanci kaɗai. Tsofaffin sojojin sama da kanikawan da suka yi ritaya suna nan zaune a gari, a ɗauki biyu ko uku su dinga yiwa 'yan makaranta bayani ana basu ɗan alawus.

Kuɗin shiga dai dan Allah kar a tsawwala, 'yan firamare a barsu su shiga kyauta ko da ranar Asabar ce.

Naku,
wani mazaunin Kurna, Kano