Don Allah ku riƙa nuna mana ƙarfin hujjar magungunan ciwon mara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na ga shafinku na lafiya kan ciwon mara, kun jero magunguna reras kamar duk ƙarfinsu ɗaya, to anan nake da magana. Shekarata uku ina fama da ciwon nan, irin wanda ke wuce wata 6 ya ƙi tafiya, an yi sikanin an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Aka ɗora ni kan gabapentin, in na miƙe tsaye sai na dafa bango saboda jiri, ciwon kuma yana nan daram. Sai ƙanwata mai karatun nas ta nuna min ashe a 2020 mujallar Lancet ta buga gwajin da aka yi a Birtaniya kan mata 306 masu irin matsalata, maganin bai fi ƙwayar bogi wadda babu magani a cikinta rage ciwo ba, sai dai ƙarin jiri da yawan barci. Wallahi da na ga wannan tun farko da na yi tambaya kafin in fara haɗiya.

Masu bincike fa suna da ma'auninsu, GRADE suke ce masa, Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, ma da shi take aiki, mataki huɗu ne, daga hujja mai ƙarfi zuwa matsakaiciya, mai rauni, sai mai rauni ƙwarai. Me zai hana ku zana shi kamar sandunan sabis na waya? Kowa ya san bambancin sanda huɗu da sanda ɗaya, ko wanda bai yi boko ba.

Amma sandar kaɗai ba ta isa ba, nan mutane za su ruɗe. Sanduna cike na iya nufin an tabbatar abin BA ya aiki, kamar tiyatar LUNA ta yanke jijiyoyin kusa da mahaifa, da babban gwajin 2009 ya nuna ba ta rage ciwon. Sanda ɗaya kuma ba wai maganin banza ba ne, ƙila mutane ƙalilan aka gwada a kansu ko ba a bibiye su da daɗewa ba. Don haka ku sa kala a gefe, kore in ya taimaka, ja in bai yi ba, sandunan kuma su faɗi ko an tabbata.

In kun buga zan yanke shafin in tafi da shi ranar ganin likita.

Taku mai karatu a kullum.